Ƙululun da Ba Ya Ciwo: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Wannan jan kunne ne ga mutanen Safo da ƙauyukan da ke kewaye da ita: iyaye, wanzamai, masu kitso, har da ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocinmu. Magana ce a kan ƙululun nan da ke fitowa a fuska, ko a wuya, ko a fatar kai, ba zafi, ba zazzaɓi, ba ruwa, ya yi wata da watanni yana zaune yana ƙaruwa a hankali. Wani kaso na irinsa ƙari ne da ke tsirowa daga saiwar gashi. Kowane silin gashi yana da ɗan raminsa a cikin fata, inda ƙwayoyin halittar da ke ƙera shi suke, to wani lokaci su ne ke yin ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har su dunƙule wuri guda. Akasarin irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba ya kisa. Abin da hannunmu ke yi masa shi ne ke ɓata fuska, ya sa wa mutum cutar da bai zo da ita ba, ko ya rufe dajin gaske har lokaci ya ƙure. Ga ƙa'idojin, kuma babu wadda na sassauta.

Kada ka matse shi. Maruru daban, ƙari daban. Maruru yana zuwa da zogi, wurin ya ɗau zafi, cikin ƴan kwanaki ya nuna ya fashe. Ƙarin saiwar gashi ba ya nuna, domin ba mugunya ce a cikinsa ba. In ka sa yatsu ka danne shi da ƙarfi, iyakar abin da za ka yi shi ne ka fasa jakar da ke riƙe da shi a ƙarƙashin fata, abin cikin ya watsu a nama, wurin ya kumbura, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. Abin da likita zai cire a zama ɗaya ya ɗinke, sai ya koma gyambon da za a yi makonni ana wankewa, kuma ba za a iya yi masa aiki ba sai kumburin ya sace.

Ka san kamanninsa, domin ka iya ba da bayani in an tambaye ka. Wanda ya fi kama yara da matasa shi ne wanda likitoci ke kira filomatirikoma. Wasu likitocin Faransa biyu, Malherbe da Chenantais, su suka fara bayaninsa a 1880, shi ya sa a takardar asibiti a nan Nijar kana iya ganin sunan Malherbe a rubuce. A 1961 ne aka raɗa masa sunan da ke nuna daga saiwar gashi yake. Yana son gira, da kunci, da gaban kunne, da wuya, da dantse. Uwar yaro, ki ɗora yatsa a kansa: za ki ji shi da tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata, yana manne da fatar sama amma yana zamewa bisa naman ƙasa. Ki ja fatar da yatsu biyu ta miƙe, za ki ga ba sumul yake ba, yana da kusurwoyi da tudu da kwari. Ki danna gefe ɗaya a hankali, ɗaya gefen zai ɗago. Yawanci daga rabin santimita ne zuwa santimita 3. Taurin nan sinadarin da ke gina ƙashi ne ke taruwa a cikinsa, saboda haka ba shafawar da za ta narkar da shi, kuma ba ya tafiya don kansa.

Na fatar kai kuwa masu kitso sun fi kowa saninsa. Ana cikin tsaga gashi sai tsinke ya ci karo da wani tudu mai santsi, zagayayye, wanda ke motsi in an taɓa shi, wani lokaci gashin samansa ya yi sharara. Jaka ce mai kauri cike da wani farin abu daskararre. Kusan tara cikin goma a kai suke fitowa, sun fi kama mata, kuma suna bin gida: uwa na da shi, ɗiya na da shi. Akwai kuma wani ƙanƙane a fuska, tirikofolikuloma, mai ɗan rami a tsakiya wanda wasu siraran fararen gasu ke leƙowa ta cikinsa. Kada a tsige gasun, kada a sa tsinke a ramin.

Duk da wannan bayanin, kada ka yanke wa kanka hukunci. Ko a manyan asibitocin duniya sau da yawa ba a gane filomatirikoma sai bayan an cire shi an duba. Hannu da ido zato kawai suke yi.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya. Baba wanzami, da girmamawa nake wannan magana. Kai ka yi mana askin suna, a hannunka ƴaƴanmu suka sha kaciya, kuma babu mai ganin fatar kan mutanen gari kamar kai. Amma wannan ba aikin aska ba ne. In an tsaga, sai a fitar da abin ciki a bar jakar, jakar kuma ita ce ke sake cika. A gaban kunne da gefen goshi akwai jijiyar da ke motsa fuska, aska ta taɓa reshenta sai gira ta faɗi ko baki ya karkace, wataƙila har abada. Fatar kai tana da jijiyoyin jini da yawa, in ta ɓalle ba a tsayar da ita da toka. Mafi hatsari shi ne ƙululun da aka haifi jariri da shi a tsakiyar kai, ko a ƙeya, ko a karan hanci tsakanin idanu: wani yana da hanya har cikin ƙoƙon kai, tsaga shi tsaga rigar ƙwaƙwalwa ne. Ko likita ba ya sa wa irin wannan wuƙa sai an ɗauki hoton kan. Sannan ga abin da aska ɗaya ke ɗaukowa daga wani ta kai wa wani: ciwon hanta, sida, da ciwon sarƙe haƙora in ƙarfen ba shi da tsabta. Abin da muke roƙo gare ka, Baba, in ka gani ka ce wa mai shi, "Wannan na likita ne." Maganarka ta fi ta kowa shiga kunnensa.

Kada a ƙona shi. Nonon tumfafiya, aguwa, tinya, kanwa da toka, dakakkiyar tafarnuwa, ruwan batir, lalas da jan ƙarfe, duk hukuncinsu ɗaya. Suna cin fatar sama su bar ƙarin a ƙasa. Na ga wata budurwa da aka ɗaura wa tafarnuwa da kanwa a kunci aka naɗe da tsumma; da aka kwance, fatar ta saɓule, ta warke da baƙin tabo mai tudu wanda ya ninka ƙululun faɗi, shi kuwa ƙululun yana nan daram a ƙarƙashin tabon. Mu baƙar fata mun fi saurin yin tabon da ke kumbura ya wuce iyakar rauninsa, wanda wasu ke kira tusar jaki, musamman a kunne, da haɓa, da ƙirji, da kafaɗa, kuma maganinsa ya fi na ƙarin wuya nesa ba kusa ba. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana lalata gilashin ido. Akwai wata ɓarnar da ba a gani: naman da aka ƙona ba ya karantuwa sosai a madubin likita, ke nan an shafe shaidar da za ta nuna ko daji ne ko ba daji ba.

Kada ka sayi ƙwayoyi wurin masu tallan magani a kasuwa. Kafso ba ya narkar da ƙari. Man ƙara hasken fata ma haka, sai dai ya sa fatar ta yi siriri ta ƙi riƙe ɗinki ranar da za a yi aiki.

Kada a ce jifa ne ko sammu, kada a nuna wa kishiya ko maƙwabciya yatsa. A yi addu'a, a yi sadaka, babu mai hanawa, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Ka auna shi. Ka ɗauki zare ko rular ɗan makaranta ka auna faɗinsa, ka rubuta da kwanan wata. In akwai wayar da ke ɗaukar hoto, a ɗauka da rana, a aje rular a gefensa, a sake bayan wata guda. Da likita ya ce, "Tun yaushe?" ka ce masa "tun kakar bara, kuma ya ƙaru da rabin santimita", ya fi ka ce "ya daɗe".

Kada ka jira in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙululun da ya yi shekaru a zaune sai kwatsam ya fara girma cikin makonni. Wanda ya fashe ya ƙi warkewa har wata guda. Wanda ke zubar da jini da an ɗan taɓa shi. Wanda ya kafe ya daina motsi. Wanda ya zo da kaluluwa mai tauri a wuya ko bayan kunne. Wanda aka cire ya dawo. Wanda ya tsiro a kan tsohon tabon ƙuna ko gyambon shekaru, domin a baƙar fata nan ne dajin fata ya fi son ɓullowa. Tsohuwar da ƙululun kanta ya yi shekaru ashirin ba ya damun ta sannan ya fara tsagewa yana wari, kada a ce mata tsufa ne. Jakar nan tana iya rikiɗewa ta zama ƙari mai cin wuri, kuma sai an yanke shi da faɗi. Yaron da haɓarsa ko kuncinsa ya kumbura cikin ƴan kwanaki haƙora suna girgiɗa, wannan ba zancen saiwar gashi ba ne, a tafi da shi ranar. Kumburin wuya da rama da zufar dare, a nemi awon tarin fuka. Zabiya kuwa, duk wani ƙurji ko ƙululu da ya fito masa a fuska, ko kunne, ko wuya, ya wuce makonni, a ɗauke shi da gaggawa har sai awo ya wanke shi, domin rana tana yi wa fatarsa abin da ba ta yi wa tamu.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, kuma ma'aikacin lafiya ya duba ya yarda, ba laifi a bari a gama aikin gona, a kai amfani gida, a je da kaka lokacin da akwai ɗan abin hannu. Na san abin da barin gona a tsakiyar noma ke nufi. Amma kaka ɗaya nake nufi. Kowace shekara da aka ƙara, yankan yana ƙara tsawo, tabon ma haka.

A bi tsani. A fara da asibitin Safo, a nuna wa majo, wato shugaban asibitin, a karɓi takardar turawa. Daga nan akwai asibitin gunduma a Madarunfa. Kusa da mu kuma, a Danja, kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, akwai asibitin da mishan SIM ta kafa tun shekarun 1950 don masu kuturta, wanda ya daɗe yana duba cututtukan fata. A birnin Maraɗi akwai babban asibitin jiha da kuma asibitin ƙwararru, inda ake samun masu fiɗa da hoton eko. Hoton eko yana da amfani a nan: ba ya ciwo, yana nuna ko jaka ce mai ruwa ko dunƙulen nama, da zurfinsa, da ko akwai jijiyar jini a ciki. Abin da ya gagara nan sai Yamai, inda cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta take. Kada a tsallake duk waɗannan a sayar da akuya a kama hanyar da ta fi kilomita 600 don ƙululun da za a iya cirewa a Maraɗi. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, a 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita da na awo da na aiki da rabi. Ka tambayi farashi kafin a fara, ka biya a wurin biya, ka karɓi rasit.

Kada a kira mai ƙurajen gado kuturu. Wannan na daɗe ina son in faɗe shi. Akwai gidajen da in yaro ko yarinya suka fara balaga, sai wasu ƙananan ƙululai masu launin fata su fara fitowa a gefen hanci, da leɓen sama, da goshi, da fatar ido, suna ƙaruwa da shekaru. Sunansu tirikoefitaliyoma. Wani likitan fata a Ingila mai suna Brooke ya yi bayaninsu a 1892, daga baya aka gano wata ƙwayar gado ce mai suna CYLD ke samun tangarɗa. Uba ɗaya ko uwa ɗaya mai ita ya isa, kuma kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira. Ba auren zumunci ke kawo ta ba. Ba a ɗaukarta ta kwano, ko tabarma, ko shimfiɗar aure. Wasu a gidan sukan haɗa da manyan ƙululai a fatar kai, waɗanda in an bar su sukan rufe kan. To saboda kamannin fuskar, sai ka ji an fara raɗe-raɗin kuturta, a ware wa yarinya ƙoƙon shan ruwa, a mayar da kayan baiko. Wannan zalunci ne. Kuturta tana da nata alamomi: tabon da ba ya jin taɓi, mutuwar yatsu, kaurin jijiya, zubewar gira. Awo kaɗan ne ke raba su, kuma Danja na nan kusa. Ko da kuturtar ce, tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995.

Masu wannan gadon, ga taku. Kada ku yarda da mai cewa zai share muku fuska tas da wani mai ko wani ruwa. Babu maganin sha ko na shafawa da ke kawar da su gaba ɗaya. Manyan da ke tare ido ko hanci ana yanke su. Ƙananan, ƙwararren likitan fata yana iya rage su da na'urar lantarki ko hasken leza, amma sukan dawo, kuma a fatarmu aikin yana iya barin tabo ko dabbare-dabbare, saboda haka a fara gwadawa a ɗan wuri. Ku riƙa kai fuskar a duba sau ɗaya a shekara, domin jefi-jefi ɗaya daga cikinsu yakan juye. Wanda ya bambanta da ƴan uwansa, ya fi su girma ko ya fashe, shi za a cire a auna.

Kada ka ɓoye wa likita tarihin gidanku. Ƙululu ɗaya tak yawanci labarinsa a fata ya tsaya. In suna da yawa, wani lokaci fatar tana ba da labarin abin da ke ciki ne. Akwai irin da ke fitowa da yawa a fuska tare da ƙananan tudu a cikin baki, alamar wata cutar gado da aka sani da sunan Cowden tun 1963, mai ƙara hatsarin dajin mama, da na halittar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da na mahaifa. Akwai wasu fararen ƙananan a fuska da wuya, waɗanda likitocin Kanada uku, Birt da Hogg da Dubé, suka yi bayani a 1977, masu tafiya da ƙarin ƙoda da fashewar huhu. Filomatirikoma ma in ya yi yawa a jikin mutum ɗaya, akan bincika hanji da ƙarfin tsoka. Waɗannan ba su da yawa ko kaɗan, ban kawo su don in tsorata kowa ba. Amma in an tambaye ka me ya kashe innarka ko gwaggonka, ka faɗi abin da ka sani, kunya ba ta da wuri a nan.

Iyaye, jaririn da aka haifa da wani fili a kai wanda gashi ba ya tsirowa, mai ɗan ruwan ɗorawa da maiƙo, kada a kankare shi ranar askin suna, kada a yi ta shafa masa maganin kora. Tabon haihuwa ne. Da balaga yakan yi kauri ya yi gurji-gurji, a girma kuma ƙarin saiwar gashi mai suna tirikobilastoma yana iya tsirowa a kansa. A nuna wa likita tun yaron yana ƙarami, a sake nunawa in wani abu ya tsiro.

In za a cire, a cire duka. Aikin ba babba ba ne: allurar kashe zafi a wurin, a yanka, a ɗago ƙarin da jakarsa ɗungurungum, a ɗinke. Ƙaramin yaro da ba zai tsaya ba akan sa shi barci, shi ya sa nasa aikin sai babban asibiti. In an cire shi cif, da wuya ya dawo. Kafin a fara, ka faɗa in kana da ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, ko kana shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko jikinka na yin tabo mai tudu, ko an taɓa yi maka allurar kashe zafi ta ba ka wahala. Mace mai ciki ta faɗa.

Kada a jefar da naman, kada a binne shi. Duk abin da na faɗa a baya, wannan ya fi shi nauyi. Mun saba in an cire wani abu daga jikin ɗan Adam mu karɓa mu rufe shi a ƙasa don mutuntawa, kuma niyyar mai kyau ce. Amma wannan ɗan naman shi kaɗai ne zai faɗi gaskiyar abin da ke jikinka. Akwai likitan da aikinsa ke nan: a daskarar da naman, a yanka shi siriri fiye da silin gashi, a rina shi, a duba a madubin likita. A filomatirikoma yakan ga wasu ƙwayoyin halitta da suka mutu suka bar inuwarsu kawai, da ya gan su ya san ba daji ba ne. Tirikoefitaliyoma da tirikobilastoma kuwa suna kama da wani dajin fata ƙwarai, har ƙwararru kan sake duba su kafin su sa hannu. In ido a kan madubi yana shan wannan wahala, ina ga idon da ya kalli naman a cikin tasa ya ce "kitse ne kawai"? Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya bayyana masa cewa neman sanin cuta ne don a yi magani.

Ga yadda ake yi. Tun kafin ranar aiki ka tambaya, "Likita, ina za a kai naman awo, kuma nawa ne?" Ka tanadi kuɗin awon tare da na aikin, kada ka ɗauke shi ƙari a kan lissafi. Da an cire, a sa shi nan take cikin kwalba mai murfi da ruwan formol, ruwan ya ninka naman kamar sau goma. Ba ruwan rijiya ba, ba alkol ba, ba cikin ƙanƙara ba, ba a ƙulle a leda ko auduga ba. A zafin ƙasarmu naman da aka bari haka yana lalacewa cikin sa'o'i. A jikin kwalbar a rubuta sunan mai shi, da shekarunsa, da wurin da aka ciro, da kwanan wata, a haɗa da takardar likita. In ƙululu biyu aka cire, kwalba biyu. Naman da ke cikin formol ba ya ruɓewa, yana iya shan tafiyar mota har Yamai ba abin da zai same shi. In kai aka ba ka kai, ka ɗaure murfin da kyau, ka nisanta shi da yara da abinci, domin formol guba ne.

Ka koma ka karɓi sakamako. Mutane da yawa da sun ga ɗinki ya warke shi ke nan, takarda ta yi ta jira a ofis. Sakamakon yana iya ɗaukar makonni. Ka karɓi lambar da za ka kira, ka bi sawu. Ka sa likita ya karanta maka ya amsa abu biyu: mene ne, kuma an cire shi duka? In ya ce ba daji ba ne kuma gefunansa sun fita tsaf, ka gode wa Allah, ka adana takardar inda kake adana takardar haihuwa. In ya ce an bar saura, ka yarda a sake. In ya ce daji ne, kada ka gudu gida ka kwanta: dajin fata da aka kama da wuri yana cikin waɗanda fiɗa ke warkarwa, kuma tun 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji a Yamai tana da na'urar gasa ciwon daji.

Ka kula da ɗinkin. Kada a sa masa toka, ko man shanu, ko lalle, ko garin kafso. Kada a shiga Gulbi ko ruwan fadama da shi. Zaren fuska akan cire shi cikin kwana 5 zuwa 7, na kai kwana 7 zuwa 10, kuma ma'aikacin lafiya ne ke cirewa. Mata, a haƙura da kitso mai ja har wurin ya yi ƙwari. In tabon ya fara ƙaiƙayi yana tasowa, a koma da wuri, akwai allurar da ake yi a cikinsa ta kwantar da shi tun yana ɗanye.

Ku kuma ƴan uwa ma'aikatan lafiya, na san yawan layin da ke gabanku, musamman lokacin zazzaɓin damina. Duk da haka kada ku tsaga ƙululu mai tauri da sunan maruru. Kada ku rubuta kafso sau biyu, sau uku, ga abin da bai motsa ba a karon farko. Kada ku ce wa uwa "ba komai" ku sallame ta ba tare da kun auna kun rubuta kun ba ta ranar dawowa ba, domin daga ƙofarku wurin mai ruwan batir za ta nufa. Kada ku cire abu a fuska in babu formol a ɗakin.

Inna mai kitso, in hannunki ya ci karo da tudu a kan ɗiyar wani, kada ki rufe shi da kitso ki yi shiru, kada kuma ki baza a gari. Ki ja uwarta gefe ki faɗa mata.

Roƙona na ƙarshe ga hukumar lafiya ta gundumar Madarunfa da kwamitocin asibitocinmu ne: a tabbatar duk ɗakin da ake ƙaramar fiɗa yana da formol da kwalabe, a kuma tsara hanya ɗaya sananniya ta tattara naman awo a aika, sakamako ya dawo ta hannun majo, don kada manomin Safo ya zama shi ne zai nemi mota da masauki a Yamai saboda kwalba ɗaya.